Hoton Bayan Zuwera

Ƙafar hagu ce ta fara. Zuwera tana zaune a rumfarta ta ƙofar gida a unguwar Lazaret, tana taka keken ɗinki, sai ta ji kamar an sa mata safa mai kauri. Ido na ganin ƙafar tana motsa feda, amma ita ba ta jin sanyin ƙarfen. Ta murza ta, ta shafa mata man zafi, ta ci gaba da aiki. Salla na matsowa, ga yadin bazan na mutane jibge a kan benci, kuma ita da ƙafa take ɗinki, domin wutar unguwarsu ba abar dogaro ba ce. Da wannan ƙafa ta ciyar da ƴaƴa uku, ta kai babbansu Nasiru har babbar sakandare ta lise.

Daga baya ciwon ya hau tsakiyar bayanta ya zauna. Abin mamakin shi ne in tana tsaye ko zaune da sauƙi, amma da zarar ta miƙe a kan katifa sai ta ji kamar ana ɗaure mata ƙirji da waya. Ta koma barci a jingine da bango. A likitar unguwa, wato ƙaramin asibitinsu, aka ba ta ƙwayoyi, aka yi mata hoton ƙashi na radiyo ba a ga komai ba, sannan aka ce sai ta yi IRM, hoton da ke nuna abin da ke cikin ƙashin baya. A babban asibiti suka kwantar da ita za su tura ta cikin wani dogon bututu. Ko rabinta bai shiga ba ciwon ya murɗe ta, ta dinga dukan gadon har suka jawo ta. Ma'aikacin ya ce in ba za ta iya kwanciya ba, akwai wani kilinik mai injin da ake ɗaukar mutum a zaune.

Mijinta Mamman ne ya kai ta. Direban bas ne a hanyar Maraɗi, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma ya yi lakkol, wato boko, har kolej, yana jin Faransanci. Shi ne ɗan rakiya. A asibitocinmu kuwa ɗan rakiya shi ne kunne, shi ne baki. Shi ke bin layi, shi ke sayo magani, shi ake kira gefe. Mara lafiya aikinsa ya zauna inda aka ajiye shi, ya ce amin in an yi masa addu'a. Zuwera ba ta taɓa ganin aibin haka ba, domin haka ta taso ta gani.

Kafin a shigar da ita wata ma'aikaciya ta ce ta cire duk wani ƙarfe. Ta cire ƴan kunne da awarwaro, sai kuma aka shiga tsince allurai da fil daga kallabinta, daga bakin zanenta, har daga wuyan rigarta. Ma'aikaciyar tana dariya tana tambaya ko duk kantin ta ɗauko. Aka zaunar da ita tsakanin bango biyu masu santsi, aka tallafe bayanta, aka ce kada ta motsa. Injin ya kama buga kansa kamar ana daka a gidan biki. Ba ta ji tsoro ba. Ta ma ji daɗi, don a ganinta yau abin da ya hana ta barci zai fito fili a gan shi.

Likitan da ya karanta hoton dattijo ne mai furfura. Ya gaishe ta da Hausa mai kyau, ya tambaye ta yara. Sannan ya juya allon kwamfuta wajen Mamman, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin tabo, ya koma Faransanci. Ya daɗe yana magana. Zuwera tana zaune, gwiwarta har tana taɓa teburinsa, tana kallon bakinsa. Faransancinta na kasuwa ne, na awon yadi da gaisuwa. Ta ga Mamman yana gyaɗa kai, ta ga ya goge goshi da hula. Da suka fito ta tambaye shi abin da aka ce.

"Sanyi ne ya kama jijiya," in ji shi. "Ya ce ki huta, ki rage keke. Zai wuce."

Ta yi hamdala a bakin titi, har ta tsaya ta sayi lemo ta kai wa yara.

Daga nan duniya ta yi mata kirki irin wanda ba ta saba gani ba. Yayanta Yahaya, mai kantin atamfa a Kalley, wanda a da sai salla-salla take ganinsa, ya koma zuwa duk Juma'a da ledar nama. Ya sa aka yi saukar Alƙur'ani a tsakar gidanta, ya ce ta neman buɗi ce. Innarsu ta taso daga Ƙonni da jakarta ta ce ta yi kewar jikoki, ta zauna ba ta koma ba. Kullum da safe akwai rubutu a kofi, da yamma akwai jiƙo. Mata masu kawo ɗinki, waɗanda a da suke tsaya mata a ka in ta saɓa rana, suka koma cewa ba gaggawa, duk sanda ta gama. Har Kadi, maƙwabciyarta Bazabarma mai sayar da kwaɗon kopto, wadda ba ta iya wuce rumfar ba tare da ta zolaye ta ba, ta rage tsiya. Zuwera ta ce a ranta ashe mutum ba ya sanin masoyansa sai ya kwanta.

Damina ta zo ta wuce. Azumi ya zo ya wuce. Ƙafar hagu ta fara ja, takalmi na zamewa daga gare ta a kan hanya ba ta sani ba sai yara sun biyo ta da shi. Ta dama ita ma ta soma ɗaukar nauyi. In ta ce wa Mamman ko za su koma wajen likita, sai ya ce ai an riga an gani, sanyi ba ya fita rana ɗaya, kuma ga maganin Inna ana yi. Ta yarda. Mutumin da ke wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi duk ranar da ya sauko daga hanya, don me za ta ƙi yarda da shi?

Wata safiya ta tafi kasuwar Lazaret sayen zare, tana dafa bango. A gaban masu kayan miya ƙafafun suka naɗe a ƙarƙashinta. Ba faɗuwar ce ta fi yi mata ciwo ba. Sai da ta ga idon mutane ya sauka a kan zanenta sannan ta gane fitsari ya zubo mata, ita ko ji ba ta yi ba. Kadi ce ta ratso taron, ta kwance mayafinta ta ɗaura mata, tana korar masu kallo da Zabarmanci. Mamman yana Maraɗi. Kadi ta ce a kira Yahaya, Zuwera ta ce a tsayar da taksi. Ta faɗi sunan kilinik ɗin da bakinta.

Dattijon likitan ba ya nan, ya bar aiki. Wata yarinya suka tarar, Dakta Hafsa, siririya mai tabarau, wadda ba za ta girmi ƙanwar Zuwera ta ƙarshe ba. Ta ƙwanƙwasa mata gwiwa, ta soka mata tsinke a tafin ƙafa, ta sa aka sake zaunar da ita cikin injin. Da aka gama likitar ta dubi ƙofa tana neman ɗan rakiya. Ta yi wa Kadi magana da Faransanci, Kadi ta ce ita ko ƙofar lakkol ba ta taɓa leƙawa ba. Likitar ta jawo tsohon hoton ta jera shi da sabon a kan allo, sannan ta juyo da allon wajen Zuwera.

"Tanti, me ya hana a yi miki aikin?"

"Wane aiki?"

"Wanda aka ce a yi tun zuwanki na farko."

Zuwera ta ce ita sanyi aka ce tana da shi. Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ta nuna mata tabon a hoton farko, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gujiya, a gefen wani dogon farin zare da ta ce shi ne ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Ta nuna mata shi a hoto na biyu, ya kai dabino, ya matse zaren har ya zama kamar bakin kallabi. Ta ce ƙari ne, kuma ga dukkan alamu ba mugun iri ba ne, ba ya yaɗuwa, ciro shi ake yi. Ta ce abin da likitan farko ya faɗa ke nan, kuma ya ce kada a jinkirta.

"Da an cire shi a lokacin fa?"

"Ba ni da ikon rantsuwa, Tanti. Amma masu zuwa da shi ƙarami haka, galibinsu da ƙafarsu suke komawa gida."

"Yanzu fa?"

"Yanzu in an yi aiki da wuri ana iya tsayar da ɓarnar. Ta dama ina sa rai. Ta hagu ba zan yi miki alkawari ba. In kuma aka bar shi, duka biyun za su tafi."

Zuwera ta daɗe tana kallon tabon. Ashe da Hausa ana iya faɗin abin. Bai ɗauki lokacin da za a ɗinke hannun riga ba.

A cikin taksi ta ce wa Kadi lalle Mamman bai fahimci likitan ba, Faransancin asibiti daban yake da na tasha. Tana faɗa tana neman Kadi ta tabbatar mata. Kadi ta juya fuska wajen taga. Wannan matar da bakinta ba ya rufuwa ko a gidan mutuwa, ta kama murza bakin zanenta. Zuwera ta riƙo hannunta ta tambaye ta tun yaushe. Kadi ta ce tun ranar saukar Alƙur'ani. Yahaya ne ya tara matan gidan ya roƙe su don Allah kada wanda ya gaya mata, kada hankalinta ya tashi ciwon ya ƙaru. Mai koko ta sani. Masu kawo ɗinki sun sani. Liman ya sani, don shi ya ja addu'ar.

"Na so in gaya miki, ƴar'uwa, wallahi. Amma maganar gidanku ce. Ni wace ce?"

Zuwera ta saki hannun. Ta tuna da duk wani "sannu" da aka yi mata a wannan shekara, da duk matar da ta ce ba gaggawa. Ita tana ta murna da masoya, ashe zaman makokinta ake yi a gabanta, tana raba musu ruwa.

Washegari da la'asar suka haɗu a tsakar gida, Mamman da ƙurar hanya a jikinsa, Yahaya a kan kujerar roba, Inna a tabarma da carbi. Ba wanda ya musa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ba wanda ma ya ga abin kunya a ciki. Mamman ya ce shi daga kilinik kai tsaye wajen Yaya ya nufa, don magana irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Yahaya ya ce shi ne babba, shi ya yanke, kuma ko yau aka sake haka zai yanke. Ya tuna mata da babansu, wanda ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa aka fito da shi a lulluɓe. Ya ce baya ba wurin sa wuƙa ba ne, kowa ya san wanda aka taɓa wa baya ba ya ƙara tashi. Inna ta ce ba a gaya wa mara lafiya ciwonsa, zuciya ce ke riga jiki mutuwa, haka aka yi wa kakarta, haka aka yi wa kowa.

"Bayan wa?" in ji Zuwera. "Yaya, bayanka ne ko nawa?"

"Ki iya bakinki. Don ƙaunarki muka yi."

"Kun tambayi liman. Kun tambayi mai jiƙo. Har mai koko ta san abin da ke cikin ƙashina. Ni kaɗai ce ba a ga ta isa ba." Ta juya wajen mijinta. "Kai kuma, Baban Nasiru, kana wanke ƙafar nan kana kallonta tana mutuwa a hannunka. Sau nawa na ce mu koma?"

Mamman ya ce tsoro ya ji. Ya ce gara ta a zaune a gida da babu ita. Hawaye na zuba a gemunsa, kuma ta san ba ƙarya yake yi ba. Sai dai bai tambaye ta ba ko ita ta zaɓi zaman.

Ta ce za a yi aikin. Yahaya ya miƙe ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce to babu hannunsa, kuma kowa ya shaida. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. A asibiti likitan tiyata ya nemi mijinta don ya ba da izini, Zuwera ta ce ga mai bayan a gabansa, ita za ta bayar. Ya dube ta ta saman tabarau kamar bai taɓa jin irin wannan ba, amma ya yarda.

Aka yi aikin, ta fito da ranta. Ƙarin ya fita duka, kuma kamar yadda aka zata, ba mugu ba ne. Ta kwanta a miƙe ta yi barci, abin da ta manta daɗinsa. Fitsari ya dawo hannunta. Bayan ƴan makonni yatsun dama suka motsa, sannan gwiwa, har ta iya tsayawa a kai. Ta hagu kuwa aka gasa, aka murza, aka ɗaga, aka sauke. Ranar da za a sallame ta likitan ya ce su ci gaba da motsa ta, amma kada ta sa rai da yawa, zaren ya daɗe a matse. Aka ba ta sanduna biyu na ƙarfe.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya gida ya cika da ƴan barka. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin rumfa, Kadi tana zagayawa da tiren shayi ba ta haɗa ido da kowa. Zuwera tana kan gado da aka fito mata da shi inuwa, ƙafar hagu a miƙe a kan matashi. Yahaya ya zo duk da zare hannunsa da ya yi, da abokansa biyu na kasuwa. Ya tsaya a kanta ya dubi ƙafar, ya girgiza kai, ya ce cikin murya mai taushi wadda kowa zai ji, abin da ya guda ke nan. Ya ce kafin aikin da ƙafarta take yawo, ko da tana ja, ga shi an sa wuƙa an mayar da ita gurguwa. Amma ba komai, haka Allah ya rubuta, ba a faɗa da mara lafiya.

Tsakar gidan ta amsa. Wata ta ce ai aikin baya sai dole. Wata ta kawo labarin ɗan ƙanin mijinta a Zongo da aka yi wa haka. Inna ta ce ita dai ta faɗa ba a ji ba. Zuwera tana ji ana ɗinka labarin a gabanta, gaba da baya, har ya zauna daram: mace mai taurin kai ta ƙi jin manya, ta kai kanta an lalata mata ƙafa. Nan da Juma'a mai zuwa duk Lazaret haka za ta sani, kuma duk wadda likita ya nuna wa tabo a hoto, da sunan Zuwera za a hana ta.

Ta ɗaga murya kaɗan ta kira mijinta. Yana tsugune kusa da randa.

"Baban Nasiru, kai ne ka ji Faransancin. Faɗa musu abin da dattijon nan ya ce maka, da lokacin da ya ce a yi."

Kowa ya juya wajensa. Mamman ya dubi Yahaya, ya dubi Inna, ya dubi ƙasa. Ta ba shi lokaci. Ta ga leɓensa ya motsa, har zuciyarta ta ɗaga.

"Ki yi haƙuri, Zuwera," in ji shi. "Abin da ya wuce ya wuce. Ga baƙi."

Sai ta faɗa musu da kanta. Ba ta yi ihu ba. Ta faɗi girman ƙarin a hoton farko da girmansa a na biyu, da abin da likita ya ce, da wanda aka gaya wa, da waɗanda suka zauna a wannan tsakar gida suka yi alkawarin rufe baki. Tana magana mata suna neman takalmansu. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna cewa Allah ya ƙara sauƙi. A zaure ta jiyo wata tana cewa a yi mata uzuri, doguwar jinya takan taɓa hali.

Da gidan ya watse aka kira sallar la'asar. Ta jawo sandunan. Mamman ya taso da sauri ya miƙo mata hannu. Ta dubi hannun, ba ta kama ba. Ta sunkuya ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashin gwiwar hagu, ta ɗaga ƙafar daga kan matashin ta ajiye ta a ƙasa, ta gyara mata zama kusa da ƴar'uwarta. Sannan ta dafa sandunan ta miƙe, ta nufi wajen buta, ƙafar tana jan layi a cikin rairayi a bayanta.